Tsakanin Jarida da Gero

Mutum na farko da ya yi mini Hausa a Jidda shi ne ya tafi da akwatina.

Na fito daga filin jirgi da hantsi, wani zafi mai danshi ya rufe ni, irin wanda ban sani ba a ƙauyenmu na gabas da Gumel, inda rana ke ƙona mutum amma ta bar shi a bushe. Ina tsaye da takardar jami'a a hannu, Larabcin da na koya a makaranta ya maƙale a wuya, sai wani dattijo mai farar jallabiya da carbi ya dafa kafaɗata.

"Samari, daga gida? Ɗalibi ne kai, ko?"

Na ce e, zuciyata ta yi sanyi. Ya ce shi ne ke tarbar ɗaliban ƙasarmu, in kawo akwatin ya sa a mota, ni kuma in koma waccan taga a buga mini hatimi. Na je tagar, mutumin ciki ya dube ni ya ce ba a buga wani hatimi a nan. Kafin in dawo babu dattijo, babu akwati. Tufafina suna ciki, da ƙamus, da kilishi da garin kunun da Inna ta yi mini, da ƙaramar rediyon da mahaifina ya cire daga ratayenta ya ba ni. Wani Bayamale mai sayar da shayi a bakin hanya ya ga duk abin da ya faru. Ya miƙo mini kofi, ya ƙi karɓar ko sisi, sannan ya kama hannuna kamar makaho ya sa ni a motar da ke zuwa jami'a.

Wannan a farkon shekarun tamanin ne. Na samu gurbin karatu kyauta don in karanta aikin jarida, kuma na san abin da nake so in zama. Tun ina yaro nake zama kusa da mahaifina da asuba yana sauraron labaran duniya, ina jin mutanen nan da ke magana daga manyan birane suna yi wa shugabanni tambaya ba tsoro. Ɗaya daga cikinsu nake so in zama. Noma kuwa na gama da shi. Na yi shuka, na yi firi, na yi maimai tun kafin in iya karatu, kuma ranar da na bar gida na ce hannuna da fartanya sun rabu.

Shekaru biyun farko na yi su ne cikin koyon ji. Larabcin aji daban, na titi daban. In malami ya yi magana ina fahimta, in direba ya yi sai in tsaya ina kallon bakinsa. Na koyi cin wake da gurasa da safe, na koyi cewa halas in an gama magana, yalla in ana sauri. Abin da ban iya koya ba shi ne zama a garin da damina ba ta zuwa. In lokacinta ya yi a lissafina sai in kama kaina ina duban gabas, sama kuwa fari fat.

Abokin ɗakina Mamman ne, ɗan Maraɗi, mai surutu da son gayu, wanda ke tsoma Faransanci a kowace magana. Shi ya fara kai ni unguwar Madain Fahd, gidan wata Bahaushiya da ake kira Khala Safiyya. A Jidda aka haife ta. Kakanta ne ya taho aikin hajji da ƙafa, bai koma ba. Tana dafa abincin biki, kuma duk Juma'a bayan masallaci ƙofarta a buɗe take ga ɗalibai irinmu. Tuwo take yi da miyar kuka, tana zuba mana tana faɗa.

"Ku ci, ya auladi, ku ci 'ya'yana. Dubi wuyanku, wallahi haram. Me ake ba ku a jami'ar nan?"

'Ya'yanta suna jin Hausa amma da Larabci suke amsawa. Ni dai a gidan nan nake tuna cewa ina da uwa a wani wuri.

A shekara ta uku aka ce kowane ɗalibin jarida ya zaɓi ƙaramin fanni da zai haɗa da babban karatunsa. Wanda ya yi mana bayani shi ne Dakta Tijjani, malaminmu na rubutun labari, dogon Basudane mai tabon goshi da ba ya yawan murmushi.

"Mu a nan muna koya muku yadda ake faɗa," in ji shi. "Abin da za ku faɗa ba mu da shi. Ku je wani sashe ku samo. Wanda ya fita daga nan da iya rubutu kawai, duk abin da aka gaya masa shi zai rubuta."

Akwai siyasa, da tattalin arziki, da shari'a, da Turanci. Mamman ya ɗauki Turanci nan take, ya ce in ya haɗa da Faransanci da Larabci ba ƙofar da za ta rufe masa. Ni siyasa na sa a gaba, ban ma ga abin tunani a ciki ba. An ba mu har ƙarshen zango mu yanke shawara.

A tsakanin nan ne labarin fari ya fara zuwa daga gida. Mahaifina ba mai kuka ba ne, abin da yake aikowa kawai shi ne damina ta yi gardama, a taya su addu'a. Amma a masallatan unguwannin Kurayyat da Waziriyya sai sababbin fuskoki suke ƙaruwa, mutane ramammu masu kaushin hannu, waɗanda suka shigo da sunan umra suka zauna.

Wata Alhamis Khala Safiyya ta samu aikin babban biki, ta roƙe ni in je mata halaga, babbar kasuwar kayan lambu, in sayo albasa da tumatir. Na gama ciniki, kaya suka fi ƙarfina, na ɗaga hannu na kira wani mai baro da ya juya mini baya. Ya turo baron ya sunkuya zai ɗauki buhu. A wuyansa na gane shi, kafin in ga fuskar.

"Baffa?"

Ya miƙe a hankali. Baffa Isiyaku ne, ƙanen mahaifina.

Sai na faɗi ko wane ne shi kafin a gane abin da na gani. A ƙauyenmu in ana maganar noma da sunansa ake farawa. Rumbunansa sun fi na mai gari. Yana da shanun huɗa, yana da doki, kuma in bazara ta yi tsanani ƙofarsa mutane ke zuwa da ƙwarya. Shi ya koya mini riƙe fartanya, da duka da dariya. Ban taɓa ganinsa ba hula ba sai ranar nan. Ya ɗaura wani tsumma a ka, jallabiyarsa ta yi baƙi da ruwan tumatir.

Bai amsa gaisuwata ba. Ya ɗora buhunan a baro, ya ce, "Ina motar take?" Na kama hannun baron in karɓa, ya buge hannuna. Haka na bi shi a baya har bakin titi, ina sanye da farar riga da agogo, ƙanen ubana yana tura mini kaya.

Da ya sauke ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ina Kurayyat, bayan gidan burodin Afganawa. In za ka zo, ka zo ranar Juma'a da la'asar."

Na je. Ɗaki ne guda da suke kwana su da yawa, katifu a jingine da bango, fanka tana juya iska mai zafi. Ya kusa shekara a Jidda, ya san inda jami'ata take, bai neme ni ba. Ya ba ni labari yana kallon tabarma. Ya yi shuka, ruwa ya ɗauke, ta ƙone. Ya sake, ta ƙone. Da aka yi ruwa na uku ya zuba sauran irin da ke hannunsa, gero ya tashi har ya kai ƙugu, sannan sama ta rufe bakinta tun kafin ya fitar da kai. Shekarar da ta biyo haka. Shanu suka fara faɗuwa, ya sayar da waɗanda suka rage. Aka buɗe rumbu na ƙarshe, aka cinye har iri. Ya kai matarsa da yara gidan iyayenta, ya sayar da doki, ya hau jirgi.

"A gida an san ina gadin wani masallaci," ya ce. "Haka za ka bar shi."

"To, Baffa."

"Ko ubanka."

"To."

A makon nan Dakta Tijjani ya ba mu aikin rubuta dogon labari a kan wani mutum. Na rubuta na Baffa, na sauya suna da gari. Ban taɓa rubutu irinsa ba. Na sa dokin, na sa baron, na sa tsumman da ke kansa. Mamman ya karanta ya share ido. Na miƙa ina jiran yabo.

Dakta ya kira ni ofishinsa. Takardar tana gabansa, ba jan biro ko ɗaya a jiki.

"Larabcinka ya gyaru," ya ce. "Na ji tausayin mutumin nan. Sai kuma me?"

"Ban gane ba, Dakta."

"Me ya same shi?"

"Ruwa ne bai zo ba."

"Bai zo ba sam, ko ya zo ya ɗauke da wuri? A labarinka geron ya kai ƙugu. Ke nan an yi ruwa. Nawa aka yi, nawa geron ke buƙata? An taɓa yin irin wannan a da? Zai sake dawowa? In mutumin nan ya koma gobe, me zai yi dabam?"

Raina ya ɓaci. Na ce wannan ai ikon Allah ne.

"Ni ma musulmi ne, ya Abubakar. Kuma ƙauyenmu a Kurdufan ya watse kamar naku. Wanda ya karanta wannan zai yi kuka, ya ninke jarida, ya ci abincinsa. Akwai sashen nazarin yanayi da noman ƙasa mai ƙarancin ruwa a bayan ɗakin karatu. Je ka yi tambaya, ka dawo ka sake rubutawa."

Na je ne don in cika umarni. Na samu wani malami Bamisire, gajere mai fara'a, yana shirin kai ɗalibansa gonar gwaji ta jami'a a wajen gari. Da ya ji daga inda na fito sai ya ce in hau mota, tambayata ta fi sauƙin amsawa a can.

Muka bar Jidda, muka shiga duwatsu da rairayi. Da motar ta tsaya na sauko, sai ƙamshi ya riga idona. Gero ne. Layi-layi, kore shar, ya fitar da kai, bununi yana tashi in iska ta kaɗa. Shekara uku rabona da ganinsa. Sauran ɗalibai suka wuce da littattafansu, ni na tsaya na kama ganye ɗaya ina murzawa, na kasa tafiya.

Malamin ya dawo ya same ni. Ya nuna mini wani layi gajere, bai kai kafaɗata ba, zangarniyarsa ƙanana. Ya ce wannan yana nuna cikin wata biyu da 'yan kwanaki. Na ce namu sai ya haura wata uku. Ya ce ya sani, kuma damina a yankinmu ta gajarce a shekarun nan, shi ya sa dogon gero ke mutuwa da ciki. Ya yi mini bayanin yadda ake auna ruwan sama, da yadda ƙasa ke riƙe danshi ko ta sake shi, da abin da ya sa ruwan farko ke yaudarar manomi. Rabin maganar ban gane ba. Rabin da na gane kuwa ya hana ni sukuni, domin labarin Baffa nake ji ana ba ni ta wata fuska.

"Manomanmu sun san da wannan irin?" na tambaye shi.

Ya ɗaga kafaɗa. "Akwai masu bincike a ƙasarku da suka fi ni saninsa. Amma mu junanmu muke rubuta wa, da Turanci. Ban san wanda ke gaya wa manomi ba."

Na yi makonni ina juya abin. Ban ce na ga haske nan take ba. Siyasa tana nan tana jana, kuma na san abin da zan rasa. Da na je na bincika, sai aka ce ɗalibin jarida bai taɓa ɗaukar ƙaramin fanni a wannan sashe ba, amma doka ba ta hana ba. Sai dai dole in fara da darussan share fage, ilimin sinadarai da lissafi da ilimin tsirrai, yawancinsu da Turanci. Hakan zai ƙara mini shekara guda, kuma gurbin karatuna ba ya ɗaukar ƙarin shekara. Za a bar mini iƙama, wato takardar izinin zama, har in gama, amma ɗaki da abinci sai in nema wa kaina.

Mamman ya ce, "Mon ami, ka haukace? Akwai gidan rediyon da ke neman masu Hausa da suka san siyasar duniya. Kai za ka je musu da taki?"

Na koma wurin Dakta Tijjani ina tsammanin zai yi murna. Ya cire tabarau ya dube ni.

"Ni ban ce ka zaɓi wannan ba. Cewa na yi ka je ka yi tambaya. Ka sani, masu rubutu a kan noma ba a saninsu. Shafinsu na ciki ne, shirinsu a rediyo lokacin da manya ke barci ake sa shi. Kana da kaifin da za ka yi suna a siyasa. In ka ɗauki wannan don tausayin mutum ɗaya, tausayin zai ƙare kafin ka gama ilimin sinadarai."

Na ce ba tausayi ba ne kawai. Na ce a siyasa zan yi wa mutane tambayar da wasu ɗari ke yi musu. A nan kuwa na san tambayoyin tun ina yaro, amsoshin ne ban sani ba, kuma na san harshen waɗanda ke jiran amsar.

Ya ce, "To, zan sa maka hannu. Amma kada ka zo mini da kuka."

Wanda na fi tsoro shi ne Baffa, kuma tsorona bai faɗi ƙasa ba. Na same shi ranar Juma'a yana wanke jallabiyarsa a bokiti. Da na gama bayani ya matse rigar ya ajiye.

"Noma," ya ce.

"Ba noma zan yi ba, Baffa. Jarida ce dai, amma a kan..."

"Habu, dube ni." Ya buɗe tafukan hannunsa. "Akwai wanda ya fi ni noma a ƙasarmu? Ga inda ya kawo ni. Ina tura wa ɗan Bangaladash kaya yana kirana ya walad, wai yaro. Kullum in na ga motar jawazat, masu kamen marasa takarda, sai in shige ƙarƙashin tebur kamar ɓera. Abu ɗaya nake faɗa wa kaina in na kwanta, cewa ɗaya daga cikinmu ya tsira, zai zauna a ofis mai sanyi, ba ruwansa da sama ta yi ko ba ta yi ba. Yanzu ka zo ka ce mini ƙasa za ka koma? A wurin Larabawan da ko damina ba su da ita za ka koyi gero?"

"Baffa, akwai irin da..."

"Tashi ka tafi."

Na tashi. A hanya na kusa komawa in soke abin. Na biya ta Madain Fahd, Khala Safiyya ta ga fuskata ta zaunar da ni. Ba ta san komai game da fanni babba ko ƙarami ba. Da na gama ta ce, "Ni kakana manomi ne, ban taɓa ganin gona ba. Ma adri, ya waladi, ban san wanne ya fi ba. Amma in ɗaki ne da abinci ke ba ka tsoro, tuwon Juma'a zai zama na kullum. Wannan kada ya shiga lissafinka."

Ban soke ba.

Dakta bai yi ƙarya ba. Na faɗi ilimin sinadarai a karon farko, na zauna a aji da yaran da na girma, suna dariyar yadda nake riƙe kwalbar gwaji. Makina ya sauko. Mamman ya gama a kan lokaci, ya samu aikin rediyon nan, na raka shi filin jirgi ina masa murna da baki kawai. Da aka karɓe ɗakina na jami'a na rasa inda zan nufa. Ina cikin haɗa littattafai a kwali sai mai gadi ya ce ana sallama da ni. Baffa ne a bakin ƙofa, ya sa hula, yana ta waige-waige, domin wurin ba na marasa takarda ba ne. Wata da watanni bai yi mini magana ba.

"Na koma Waziriyya," ya ce. "Ɗakin mu biyu ne, ɗayan an kama shi. Ɗauko kayanka."

Shekarar nan tare muka yi ta. Bai taɓa tambayata abin da nake karantawa ba, ni ma ban ƙara tayar da maganar ba. Yana fita tun kafin in tashi, amma kullum sai in tarar da gurasa da wake a rufe da faranti. In ina karatu da rana ranar hutunsa sai ya fita waje ya zauna a zafi, wai kada tarinsa ya dame ni.

Da aka yi girbi a gonar gwaji na roƙi malamin nan ya ba ni zangarniya kaɗan na gajeren geron, wasu ɗanyu wasu busassu. Na kawo na ajiye a kan tabarma. Baffa ya dawo da la'asar, ya gan su, ya tsaya. Ya ɗauki ɗaya ya auna da tafin hannunsa.

"Wannan ai ɗan tsako ne," ya ce.

Amma ya kunna risho, ya gasa ɗanyun ya yi tumu, ya murza a hannu ya hure, ya ba ni rabi. Muka ci tare. Ina kallonsa yana taunawa a hankali, idonsa a rufe. Can ya ce, "Wata nawa ka ce?" Na gaya masa. Busassun kuwa ya sussuke su, ya ƙulle a ƙyalle, ya sa a aljihun jallabiya.

Kafin in gama aka kama shi. Samame aka yi a halaga da safe, wani abokin aikinsa ya zo ya gaya mini. Ni da Khala Safiyya muka je tarhil, inda ake tsare waɗanda za a mayar ƙasashensu, ta dafa abinci cike da kula. Ta yi ta yi wa askar mai gadin wurin magana da Larabcinsu har ya bar mu muka matsa kusa da shingen waya. Baffa ya fito cikin jama'a da rigar da aka kama shi da ita. Na ɗauka zan ga karyayyen mutum, sai na ga kamar an sauke masa kaya.

"Ka gama karatunka," ya ce. "Kada ka biyo ni da rabi." Sannan ya dubi Khala. "Hajiya, Allah ya saka. Ga ɗanki nan."

Na gama. A takardar shaidata an rubuta aikin jarida, a ƙarƙashi da ƙananan baƙaƙe an rubuta noman ƙasa mai ƙarancin ruwa. Na koma gida na samu aiki a gidan rediyon jiha, aka ba ni shirin manoma, wanda ba mai so. A nan na yi yawancin rayuwata. Mamman kuwa na sha jin muryarsa daga manyan birane, kuma ba zan ce ban taɓa kashe rediyo don kada in ji ba. Har yau in ɗalibi ya tambaye ni wane fanni zai haɗa da jarida, ba na ce masa ya bi sawuna. Ina tambayarsa ne wane abu ne in an yi ƙarya a kansa zai gane, kuma zai ji zafi.

Amma kafin duk wannan, a makon da na sauka, na tafi ƙauye. Ƙarshen damina ne, an samu ruwa gwargwado, dogon gero yana tsaye bai gama nuna ba. Bayan gaishe-gaishe Baffa ya ce in zo. Ya dawo da iyalinsa, ba doki, ba shanu, amma da hula a kansa. Ya kai ni bayan gida, wani ɗan fili da bai fi shimfiɗar tabarmi kaɗan ba. Gajerun karare ne a tsaye, kowanne da zangarniya, kowace zangarniya fayau, ba ƙwaya ko ɗaya.

Na ce, "Bai yi ba?"

"Ya yi. Ya nuna tun na kowa yana ciki, yadda ka faɗa." Ya karya kara ɗaya ya miƙo mini. "Shi kaɗai ne abinci a duk faɗin ƙasar nan. Tsuntsayen lardi gaba ɗaya suka zo. Na sa yara, na sa gwangwani, na tsaya da kaina ina ihu. Sun ce a gaishe ka."

Sai ya fashe da dariya, irin dariyar da yake yi a gona ina yaro, har yana riƙe ciki. Ni ma na kama. Mun karanta wannan a aji, cewa geron da ya riga saura nuna tsuntsu ke cinye shi in ba a shuka da yawa a lokaci guda ba, amma ban taɓa ganin yadda abin yake ba sai ranar.

Da dariyar ta lafa ya sa hannu a aljihu ya fito da ƙyalle, ƙullin bai fi goro ba. Zangarniya biyu ya lulluɓe da tsohuwar riga tun suna ɗanyu, su kaɗai suka tsira.

"Ni kaɗai ba zan iya ba," ya ce. "Sai gari duka, rana ɗaya. Kuma wannan ba zai ishi ko gonar bazawara ba. Waɗannan masu binciken naka da ka ce suna da shi, a ina suke?"

Na ce suna da nisa, sai an kwana a hanya.

"To me kake jira? Motar kasuwa gobe take tashi. Ni zan zauna a gaba."